Wata takwas bayan an yi min aikin furostet da tururi

Shekarata 63, kuma na yi kusan shekara huɗu rabona da barcin awa biyu a jere. Sau biyar nake tashi fitsari kafin assalatu, wani daren shida. In na tsuguna sai na yi ta jira, ya zo siriri kamar zare, ya tsaya, ya dawo. Abin da ya fi ci min rai shi ne ɗigon da ke biyo baya bayan na gama tsarki. Akwai ranar da na sake alwala sau uku kafin a tayar da sallar azahar.

Likitana a Kano ya ce furostet ne ya girma, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Gwajin jini na furostet da ake kira PSA bai nuna alamar ciwon daji ba, alhamdu lillahi. Ya ɗora ni a kan maganin tamsulosin, daga baya ya ƙara finasteride. Na farkon yakan sa ni jiri in na miƙe daga sujada da sauri. Na biyun kuwa ya kashe min sha'awa, har uwargida ta fara tambaya ko laifi ta yi min.

Da kwayoyi suka gaza sai aka kawo maganar TURP, aikin da aka saba yi, inda ake shiga ta hanyar fitsari a kankare naman da ya toshe ta. Sai da na ajiye kunya na tambaya: "Likita, ya batun iyali?" Ya ce, "Alhaji, ƙarfin namiji ba ya taɓuwa ga yawancin mutane, amma kusan biyu cikin uku maniyyinsu ba ya fitowa kuma, mafitsara yake komawa." Ni kuwa ina da amarya mai 'ya'ya biyu, ba mu fid da rai da ƙari ba.

Babban ɗana ne ya binciko Rezum. Tururin ruwa ne kawai. Ana zura siririyar na'ura ta hanyar fitsari, a soka ɗan tsinke a cikin naman, a hura tururi na daƙiƙa tara, sannan a matsa gaba a sake. Naman da tururin ya dafa ya mutu, jiki ya shanye shi a hankali, hanya ta buɗe. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 2015. Muka tafi Alkahira aka yi min. Nawa furostet ɗin giram 58 ne, an hura sau shida, ina cikin ɗan magagin allura. Ko minti ashirin ba a yi ba, kuma a masaukinmu na kwana.

To, ga inda nake da ƙorafi. Dillalin da ya haɗa mu da asibitin ya ce kwana uku zan yi da robar fitsari, sai mu kama hanyar gida. Kwana bakwai na yi da ita, don tururin yakan kumbura wurin kafin ya fara raguwa. Muka ɗaga tikiti, muka ƙara kuɗin masauki. Watan farko kuwa ya fi kafin aikin wahala: zafi, ɗan jini, da matsuwar da ba ta jira a kai bayi. Na kira likitan ina faɗa, ya ce haka abin yake, in yi haƙuri. Gaskiya ya faɗa, amma da tun farko ya kamata a gaya min, ba bayan an karɓe kuɗi ba. Duk mai zuwa ya ware mako biyu, ya kuma tafi da manyan wanduna masu ɗaukar jakar fitsari.

A mako na shida abin ya juya. Wata rana na farka sai na ji ladan yana kiran sallah, ban tashi ko sau ɗaya ba. A wata na uku likita ya tsayar da kwayoyin duka biyu. Yanzu sau ɗaya nake tashi, alwala ɗaya kan kai ni daga magariba zuwa isha'i. Batun iyali kuma komai na nan yadda Allah ya halitta, sha'awar ma ta dawo bayan na bar finasteride.

Kada in yi zuƙu, fitsarin bai kai ƙarfin na wani aminina da aka yi wa TURP ba, shi kamar famfo. Kuma an fi yin aikin ga furostet mai giram 30 zuwa 80. Wanda nasa ya wuce haka yawanci aikin cire naman da hasken leza ake ba shi shawara. Akwai kuma UroLift, wanda ake ɗame naman gefe da wasu ƙananan maƙalai. Shi sauƙinsa ya fi saurin zuwa, sai dai a binciken shekara biyar kusan kashi 14 cikin ɗari sun koma an sake musu aiki, na tururi kuwa kashi 4 da ɗoriya. Wannan ne ya sa na zaɓi tururin.

Kuɗinsa ya fi na TURP a gida nesa ba kusa ba, sai da na sayar da fili ɗaya a Kumbotso. In an ce in ba shi maki, huɗu cikin biyar zan ba shi. Ɗayan na riƙe shi saboda makon robar nan.