Daga Birmingham: an kwashe zaren fim, an sallami ofareto

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kowa lafiya, ya hunturun Kano? Namu na nan sai addu'a. Ka ce in binciko maka yadda harkar silima take tafiya a nan, tunda hankalinka ya fara tashi daga gidan kallon ƙwallo zuwa abin da ya fi shi. Na ga gara in rubuta a fili, don na san ba kai kaɗai ke wannan lissafi ba.

Ka fara cire siffar Plaza ko Marhaba daga ranka, wato allo ɗaya, fim ɗaya, sai duhu ya yi a fara. A nan gini guda ake yankawa zaure-zaure, kowane zaure da allonsa da fim ɗinsa, ana haskawa tun hantsi har tsakar dare. Na farkon irinsu a Ingila a Milton Keynes aka buɗe shi a 1985, da zaure 10. Na Star City da ke kusa da mu, wanda aka buɗe a 2000, da zaure 30 ya fara, yanzu yana hannun kamfanin silima na Vue. Kamfani uku ne suka riƙe wuyan kasuwar: Odeon, Cineworld da Vue. Kujerunsu da kafet ɗinsu duk kusan ɗaya ne, sai launi.

Sai dai ka yi tambayarka a kan gaɓa, domin tuni an juya sana'ar gaba ɗaya daga can bayan bango, inda mai kallo ba ya gani. Lokacin da na zo ƙasar nan, da zare ake haska fim, irin dai wanda muka sani, mai faɗin milimita 35, hoto 24 na wucewa a kowace daƙiƙa. Fim ɗaya yakan zo a faifai biyar ko shida, kowanne kusan minti 20, a cikin akwatunan da sai ƙato ya yi nishi kafin ya hau bene da su. Ofareto, wato mai haska fim, ya zauna ya liƙa su wuri guda, ya haɗa da tallace-tallace, ya shimfiɗa a kan wani babban faranti mai juyawa. Kwafi ɗaya na cin kusan fam dubu, babban fim kuwa ɗaruruwan kwafi yake buƙata a mako na farko. Yanzu duk wannan ya koma cikin rumbun ajiya na kwamfuta wanda za ka riƙe da hannu ɗaya. A kawo shi, a juye a na'urar gidan, a mayar. Fim ɗin a kulle yake zuwa, mabuɗinsa kuma daban ake aiko shi ta intanet, an ɗaure shi da lambar na'ura guda, daga rana kaza zuwa rana kaza. Wa'adi na cika ya rufe kansa, ko da mutum 300 na zaune suna jira.

Manyan kamfanonin Hollywood sun fitar da ƙa'idar wannan tsari tun 2005, amma masu gidajen silima suka yi ta jan ƙafa. Suna da hujja kuwa: mai fim ne ke samun sauƙin kuɗin kwafi, mai gida ne zai sayi sabon majigi na fam dubu 50 ko fiye a kowane zaure. Daga baya aka sasanta cewa duk fim ɗin da aka kawo, mai rarraba shi zai biya wani kaso a rage bashin na'ura. Abin da ya ƙarasa tura su shi ne Avatar, a Disamban 2009. Kowa na son ganinsa da tabarau, wato 3D, hoton da ke fitowa kamar za ka taɓa shi, irin wannan kuma a gidajen nan sai da majigin dijital. Daga nan aka shiga rige-rige. Kodak, mai yin zaren fim, ya kai kansa kotu neman kariya daga masu bin sa bashi a Janairun 2012, Fujifilm kuma ya sanar zai daina yin zaren fim a Maris ɗin 2013. Yau in ka shiga ɗaya daga cikin manyan gidajen nan uku, da wuya ka tarar da zare yana juyawa. A da mai kwaɗayin ganinsa kan bibiyi irin The Electric da ke bayan tashar New Street, tsohon gida tun 1909, amma an rufe shi a 2024.

Maganar hoto, gaskiya ɗaya ce, an samu ci gaba. Ka tuna kwafin da kan iso mana a da, bayan ya gama yawon duniya? Layi-layi a allo kamar ana yayyafi, jarumi ya ɗaga hannu zai kai naushi sai ka ga mugu ya riga ya faɗi, don an yanke inda ya tsinke an liƙe. Ko a nan ma, kwafin da ya yi wata guda yana juyawa sau huɗu ko biyar a yini yakan yi datti, musamman a bakin kowane faifai. Yanzu fim a mako na shida yana nan yadda yake a daren farko. Ba ya rawa, ba ya tsalle, rubutun fassara na zaune daram. A lokacin sauyin Vue ya yi ta alfahari da majigin Sony da suke kira 4K, saura da yawa kuma 2K ne, wato ɗigon hoto 4096 a faɗin allo a maimakon 2048. Ni dai in ban zauna a layukan gaba ba, idona ba ya raba su. Masu ido sun ce suna gani, ban musa musu ba. Akwai kuma tsofaffin 'yan kallo da ke cewa zare ya fi ɗumin launi, dijital ya cika sanyi. Wataƙila. Amma sabon kwafi suke tunawa, ba wanda talaka ke samu ranar Talata da yamma ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne benen sama, wato ɗakin majigi. Da can gida mai zaure goma yana da mutanen da aikinsu ke nan, suna zagayawa, suna leƙawa ta 'yar taga su ga ko hoto ya zauna. Yanzu manaja ne ke tsara jadawalin mako a kwamfuta: fitila ta dushe da kanta, talla ta shiga da kanta, fim ya tashi da kansa. An sallami mafi yawan ofaretoci, wasu an sauko da su sayar da tikiti.

Wata Asabar a wani gida da ba zan kama suna ba, talla ta ƙare, aka kashe wuta, sai sauti ya tashi allo kuma baƙi ƙirin. Muna jin mota na gudu, ana harbe-harbe, mace na kuka, ba ma ganin komai. A Kano ai kafin a ƙirga uku an juya baya ana "Ofareto! Ofareto!", ana buga benci, wani ma ya haɗa da uwar mutum, shi kuwa ya san da shi ake, nan take ya gyara. Turawan nan sai suka yi tsit, kowa na jiran wani ya tashi. Na waiga na kalli tagar sama, ba kowa, sai wata 'yar koriyar fitila tana ƙiftawa. Da na gaji na fita, na bi dogon lungu har wurin gugguru, na samu wani yaro da bai fi shekara sha tara ba. Ya ba ni haƙuri har sau uku, ya kira manaja ta rediyon hannu, manaja ya hau sama ya kashe na'ura ya kunna, ya sauko ya ce ta ƙi, sai sun yi waya da kamfanin da ke kula da ita. Aka tsaya a bakin ƙofa ana raba mana tikitin kyauta na wata rana. Ladabi kam ba a magana, haƙƙinka kuma ba ya ciwuwa. Amma a duk ginin nan babu mutum ɗaya da ya san cikin injin. Zare in ya tsinke minti biyar ne a liƙa a ci gaba. Wannan in ya ƙi, daren ya tashi.

Ƙaramar matsalar da ba ta kai a mayar da kuɗi ba ita ta fi yawa, kuma ita ce ba mai gani. Ƙwan fitilar majigi yana da tsada, yana dushewa in ya tsufa, wasu gidajen kuma sai su ja shi har ya kusa mutuwa. A 2011 jaridar Boston Globe ta Amurka ta ba da rahoton gidajen da ke barin gilashin 3D a jikin majigi su haska fim na yau da kullum ta cikinsa, hoto ya fito duhu-duhu, saboda cire shi aiki ne kuma ba mai yi. In ka ji na ce wani gida ya fi wani a nan, to ba sunan kamfani nake dubawa ba. Akan samu reshe biyu na kamfani ɗaya, wannan tas, wancan ka fito kana murza ido. Manaja ne.

Shi kansa 3D ɗin, ban da fim ɗaya ko biyu, ban ga abin da ya ƙara min ba sai ciwon kai. Tabarau da gilashin na cinye fiye da rabin haske. Lokacin da yake tashe, ga ƙarin kusan fam biyu a kan tikiti, ga kuɗin tabarau kusan fam ɗaya, ko da yake naka ne, kana iya dawowa da shi. Mai gilashin ido irina sai ya ɗora wani kan wani. Fina-finai da yawa ma ba da kyamarar 3D aka ɗauke su ba, a kwamfuta aka juya su daga baya don a ci wannan ƙarin. Da mutane suka fara ganewa, sai ka ji a layi ana tambayar ƙarfe nawa ne na 2D, wato wanda ba ya buƙatar tabarau.

Kar ka zaci sauƙin da aka samu na kwafi ya sauko kan tikiti. Bai sauko ba, hawa ma yake. A lokacin sauyin, da yamma babban mutum kan biya fam takwas zuwa tara a nan Birmingham, wato naira dubu biyu da 'yan kai a canjin wancan lokacin, Landan kuwa ta wuce haka nesa. Dabara ce ke ceton mutum. Kafin a daina a 2015, masu layin waya na Orange kan tura saƙo ranar Laraba su samu tikiti biyu a kuɗin ɗaya, shi ya sa ranar wurin yakan cika da ɗalibai. Cineworld na da katin wata, ka kalli iya abin da idonka zai ɗauka. Ga wanda ya mai da kallo abinci, ba abin da ya kai shi. In ka saya ta intanet kuma akwai 'yan kuɗin da wasu ke ɗorawa, wai ladan ajiye kujera, alhali kai ka yi musu aikin.

Ribar gaske a gugguru da lemo take, domin kaso mai tsoka na kuɗin tikiti mai fim ne ke kwashewa, musamman makon farko. Babban kwali da babban kofi sai su kamo kuɗin shiga. Ana tambayarka mai zaƙi ko mai gishiri. Alewar da ake ɗiba a auna kuwa ina kauce mata, da yawa ana haɗa su da sinadarin da ake samu daga alade, tsiran cikin burodin ma ban taɓa tambaya ba. Sannan lokacin da aka rubuta a tikiti ba shi ne na fim ba, sai an sha talla ta minti 20 ko fiye. Wanda ya san kan abin yakan tsaya ya yi la'asar ɗinsa a natse.

Abin da zai ba ka mamaki, fim ɗin Indiya na nan da ransa. Star City na kusa da Alum Rock da Washwood Heath, unguwannin 'yan Pakistan, don haka kullum akwai zaurukan da aka ware masa, da fassarar Turanci a ƙasa. Da sallah sai ka ga iyali guda, kaka da jikoki da mata da lulluɓinsu, sun cika layi. Wannan shi ne babban bambancinmu da su, ya fi na na'ura. Mu mun taso silima wurin maza ne da dare, macen da aka gani a can sai ta sha magana. Nan kuma kowane fim da lambar shekarunsa daga hukumar tace fina-finai, U, PG, 12A, 15, 18, kuma yaron ƙofa zai iya mayar da saurayi in bai nuna shaida ba. Dijital ya sauƙaƙa fitar fim a Birmingham rana ɗaya da Mumbai, ba sai an jira jirgi ya kawo akwati ba. Ya kuma sa ana haska abin da ba fim ba, kamar wasan daɓe kai tsaye daga Landan tun 2009, wani lokaci har da ƙwallo. Wannan na san zai shiga kunnenka.

Ga inda ya shafe mu. Fina-finanmu na Hausa tun farko a bidiyo ake ɗaukarsu, daga kaset zuwa faifan CD, mayar da su zare kuma kuɗi ne da ba wanda zai iya. Wannan katangar ta faɗi. 'Yan kudu sun riga sun fara shigar da nasu wasu gidajen Odeon na Landan. Amma ƙofar ba a wangale take ba: sai an mayar da fim ɗin irin tsarin da na'urarsu ke karɓa, sai hukumar tacewa ta ba shi lamba, sannan a lokacin sauyin kason bashin majigin nan da na faɗa maka an riƙa karɓarsa a hannun ƙaramin mai rarrabawa kamar yadda ake karɓa a hannun babba. Babban allo kuma ba ya rufa asiri. Sautin da muke haƙuri da shi a talabijin ɗin falo, a zaure mai lasifika ta ko'ina kunya zai ba mu.

Saboda haka in wani ya zo maka da maganar tsofaffin majigin zare daga Turai a farashin banza, kar ka taɓa. An fitar da su ne daga benaye aka sayar wa 'yan gwangwan, kuma da wuya ka samu sabon fim da za ka ɗora a kai. Na dijital ɗin kuma, kafin ka tambayi kuɗinsa ka tambayi abu uku: wa zai gyara shi a Kano in ya tsaya, nawa ne ƙwan fitilarsa, kuma yaya zai yi da wutarmu da ƙurar hunturu, don yana son sanyi da wuta tsayayya, in an ɗauke ana tsakar aiki yana iya lalacewa. Ka sa a leƙa maka gidan silima na Silverbird a Abuja a ji yadda suke fama da janareto da masu gyara, lissafinsu ya fi kusa da naka a kan nawa. Ka kuma yi magana da hukumar tace fina-finai ta jiha tun kafin ka kama haya.

Farashin ƙananan majigi, irin wanda zai ishe zaure mai mutum ɗari, zan turo maka in na zagaya shaguna ƙarshen wata. A gaida Hajiya da su Umma, a ce ina nan ina neman addu'a.