Singil-mod ko molti-mod: wacce ta dace da nisan mita 400?

Ɗan'uwa, ka ce za ka haɗa ofishin makarantarku da ɗakin kwamfuta, tsakaninsu kamar mita 400, kuma ka rasa wace midiya kwanbata za ka saya, wato na'urar da ke haɗa wayar netwok ta yau da kullum da faiba, wayar zaren gilashi mai ɗaukar bayanai da haske. Ga yadda nake ganin lamarin.

Bakin RJ45, inda wayar netwok ke shiga, duk ɗaya ne a kwanbatocin singil-mod da na molti-mod: wayar Cat5e ko Cat6, iyakarta mita 100. Shi ya sa ma kake buƙatar faiba. Bambancin yana ɗaya bakin, wato na faiba.

Molti-mod zaren gilashinta ya fi kauri, maikron 50 ko 62.5, kuma a gudun gigabit haskenta na nanomita 850 ne. Mai maikron 50 tana kai wa mita 550, amma tsohuwar nan mai 62.5, wato OM1, ba ta wuce 275, ka ga ba za ta kai ka ba. Ita kuwa singil-mod zarenta maikron 9 ne kacal, haskenta 1310, kuma kwanbatocinta na yau da kullum suna cin kilomita 10 zuwa 20. Gajerun wayoyin cikin ɗaki ana gane su da launi, rawaya singil-mod, ruwan lemo ko shuɗi-shuɗi molti-mod. Amma wadda ake binnewa ko ratayawa a fol galibi baƙa ce, sai ka karanta rubutun jikinta.

Ni singil-mod zan ba ka shawara. Wayarta ba ta da tsada, kuma gobe idan aka ƙara gini can nesa ba sai ka sake tono ba. Sai dai kar mai shago ya lallashe ka da mai kilomita 80 wai ta fi ƙarfi. A gajeren zango haskenta yana yi wa ɗaya ɓangaren yawa, har ya kan lalata shi.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen kawunan wayar faiba. SC shi ne babba mai kusurwa huɗu, LC ƙarami, shi ke shiga yawancin SFP, wato ƙaramar na'urar faiba da ake sokawa a jikin wasu kwanbatoci. Kai mai launin shuɗi da kore ba sa haɗuwa, don na koren a karkace aka goge bakinsa. Yawancin kwanbatoci shuɗi suke so.

Idan mai zare biyu ka ɗauka, TX (bakin aikawa) na nan ya shiga RX (bakin karɓa) na can. In fitilar faiba ta ƙi kamawa, fara musanya su kafin ka zargi na'urar. Idan mai zare ɗaya ce, dole ka sayi kwanbata nau'in A da nau'in B, domin ɗaya tana aikawa da 1310 tana karɓa da 1550, ɗayar kuma akasin haka. Nau'in A guda biyu ba za su taɓa gaisawa ba. Kuma ka tabbatar dukkansu gigabit ne, don bakin faiba mai gudun megabit 100 ba ya magana da mai 1000, wato gigabit.