Shekara ɗaya da Custom Macro B: yanzu injina ya iya cewa a'a

Aikina huda farantan ƙarfe ne a kan injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa, mai kwamfutar kamfanin Fanuc, ramuka a kewaye kamar lambobin agogo. Wani farantin ramuka shida, wani takwas, wani goma sha biyu. Da can kowane yana da nasa firogiram, sai na kwafi na jiya in canza lambobi, in yi ta addu'a kada in manta layi ɗaya. Bara na zauna na koyi Custom Macro B, wato hanyar Fanuc ta sa lissafi da sharaɗi a cikin firogiram, ga abin da na gani.

Firogiram ɗaya ya maye gurbin tarin waɗancan. Ina kiransa da umarnin G65, in ba shi H yawan ramuka, R nisansu daga tsakiya, Z zurfi. Kowanne yana da gurbin ajiya mai lamba: H na shiga #11, R na shiga #18, Z kuma #26. Sauran aikin WHILE ne, umarnin maimaitawa: muddin ramukan da aka huda ba su kai #11 ba, ya koma tsakanin DO1 da END1 ya sake. Shi ke nan.

Amma ba rage rubutu ne ya fi burge ni ba. Abin da na fi so shi ne IF, umarnin sharaɗi, tare da #3000, gurbin da ke tayar da ƙararrawa. Idan yaron da ke kan injin ya sa zurfin da ya fi kaurin farantin, sai injin ya tsaya cak, allo ya nuna saƙon da na rubuta da hannuna: ZURFI YA YI YAWA. Ran da ya fara ganin Hausa a allon, dariya ya yi ta yi, ya zo yana cewa, "Oga, injin nan ya fara magana."

Sau ɗaya ya ba ni kunya, kuma laifina ne. Na sa sharaɗi IF [#26 EQ 0] don ya kama wanda ya manta zurfi. Washegari ni da kaina na manta Z. Babu ƙararrawa, babu komai. Injin ya zagaya wurare takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, bakin diril na juyawa a sama, ruwan sanyaya na zuba, farantin ko ƙwarzane babu. Ashe a wurin EQ (daidai da) da NE (ba daidai da ba), gurbin da ba a sa masa komai ba daban, sifili daban. Wanda babu komai, da #0 ake gwada shi. Kuma idan layi ya ce Z#26 alhali #26 fanko ne, injin kan tsallake Z ɗin gaba ɗaya kamar ba a rubuta ba. Abin da ke rikita mutum shi ne GT (ya fi) da LT (bai kai ba) su kam sifili suke ɗaukar fankon. Na gyara zuwa IF [#26 EQ #0], ban sake ganin wannan yawon ba.

Karanta firogiram ɗin kuwa sai da haƙuri. A injina babu ELSE, wato "in ba haka ba", sai ka yi ta tsalle da GOTO zuwa N100, N200, har zaren ya sarƙe maka. Guraben ma lambobi ne zalla. Bayan wata biyu ba ka tuna me #104 ke riƙe da shi sai in ka bar wa kanka bayani a gefe. Wanda ya saba da LinuxCNC, wata manhajar sarrafa injin CNC, inda akwai else da elseif da guraben da ake raɗa wa suna, zai ji an ɗaure masa hannu ɗaya.

Ga mai son ajiye ƙidaya: #100 zuwa #199 suna gogewa da an kashe wuta, daga #500 zuwa #999 ne suke zama. Can nake ajiye yawan ramukan da diril ya huda, in ya kai adadin da na yanka masa injin ya tsaya a duba bakin diril ɗin.

Mai aiki iri ɗaya mai girma dabam-dabam, ya koya, ba zai yi nadama ba. Sai dai sabon sharaɗi duk, a fara gwada shi layi-layi, diril a sama, kuma a gwada da gangan a bar Z a waje.