Gyaran aksil da cibiyar tayar tsohon amalanke: yadda aikin ya kasance bayan ya sha kaya

Amalanken gonata mai taya huɗu ne, irin wanda tarakta ke ja, kuma ya ga shekaru. Tayoyin baya sun daɗe suna lilo. In ka ɗaga shi da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sai ka ji tana ƙwal-ƙwal, cibiyar kuma ta yi zafi bayan 'yar tafiya da kaya. An taɓa sa sabon boris, bai jima ba ya watse. Wannan karon sai na kwance aksil ɗin gaba ɗaya na kai wa mai injin feƙe ƙarfe. Yanzu amalanken ya yi kaka guda yana aiki, na samu abin faɗa a kan gyaran.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa walda ba sai da ya wanke komai da kananzir ya auna. Da ma'auninsa ya nuna mini cewa bakin aksil ɗin, inda boris ke zama, ya daina zama da'ira, ya cinye ta ƙasa. Dalilin a fili yake in an yi maka bayani: a irin wannan amalanke aksil ba ya juyawa, cibiyar taya ce ke juyawa a kansa, don haka nauyin kaya kullum wuri ɗaya yake dannawa. Da zarar boris ya samu sarari ya fara motsi, wurin nan yake ci. Ka kawo sabon boris mafi kyau a duniya ka ɗora a kan wannan, a karkace zai zauna. Nan na gane abin da ya kashe wanda aka sa a baya.

Ɓangarorin biyu ba magani ɗaya ya yi musu ba. Na dama cinyewa ce kawai, sai ya cike da walda a hankali, yana bari ya huce, sannan ya feƙe shi ya dawo awonsa na asali. Na hagu kuwa ya samu siririn tsagu a gindinsa, ya ce ba zai cike shi ba ko na roƙe shi. Ya yanke, ya sa sabon baki, ya daidaita shi da ɗan'uwansa kafin ya kama da walda don kada taya ta riƙa cin gefe ɗaya. Na ji daɗin wannan ƙin da ya yi, domin bakin aksil in ya karye da kaya a kai, ba taya kaɗai ake asara ba.

A cibiyoyin ne aikin ya fi daɗi. Boris ɗin irin mai tsukakken kai ne, wanda Henry Timken ya yi wa rajista a Amurka a 1898, kuma shi kansa maƙerin keken doki ne, wato don irin wannan abin hawa aka fara yin sa. Yana da kofi da ake dannawa cikin cibiya, kuma dole kofin ya kama gam. A cibiya ɗaya kofin ya ɗan saki kaɗan, sai mai injin ya sa Loctite 660, wani gam na ƙarfe da aka yi don cike sararin da bai wuce milimita 0.5 ba. A ɗayar kuwa kofin ya daɗe yana juyawa a mazauninsa, har wani ya taɓa bubbuga wurin da tsinin ƙarfe don ya kama. Wannan dabara ba ta daɗewa, 'yan tuddan ƙarfen da suka taso kwanciya suke yi da an ɗora nauyi. Da yake cibiyar ƙarfen zubi ce, mai saurin tsagewa in ta sha wuta, bai yi mata walda ba. Ya faɗaɗa ramin a kan inji, ya danna zoben ƙarfe a ciki, ya feƙe shi daidai kofin.

Inda robar da ke tare giris ke gogawa ma ya yi kwari. Ya rufe shi da Speedi-Sleeve na kamfanin SKF, zobe ne mai kaurin milimita 0.28 kawai, shi ya sa roba mai lambar asali ta shiga ba tare da neman wata ba. Tun lokacin ban ga giris a bayan wili ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Aikin ya wuce lokacin da ya ɗibar mini sosai. Ya kuma mayar da tsofaffin marufan cibiya duk da sun lanƙwashe, ɗaya ya faɗi a hanya, ƙura ta shiga sabon giris, sai da na sake wankewa na sayi sababbi. Mutumin da ya auna aksil da irin wannan kulawa bai kamata ya bar wannan ba. Sannan bai gaya mini in sake duba noti bayan kayan farko ba, alhali kofin da aka danna yakan ƙara zama. Da na duba, tayar hagu ta ɗan samu wasa. Na ɗaure notin ina juya tayar har boris ya zauna, na sassauta kaɗan zuwa ramin da fin mai hana noti kwancewa zai shiga, na sa sabon fin. Sararin da ake so bai wuce milimita 0.13 ba, da ƙyar hannu ke jin sa.

Bakin da aka cike da walda shi ne har yanzu nake sa wa ido, saboda wuta tana sauya taurin ƙarfe. A gudun tarakta cikin gona bai nuna komai ba, amma ba zan ja shi da gudu a kan kwalta ba. Cibiyoyin biyu ko bayan doguwar tafiya da cikakken kaya ɗumi kawai suke yi, ina iya ɗora hannu a kansu. Tayoyin gaba sun fara nasu lilon, kuma wurinsa zan kai su, da sababbin marufai a hannuna.