Gargaɗi: mai tallar birkin salansa na Hilux a Facebook ɗan damfara ne

Naira 480,000. Dubu ɗari huɗu da tamanin, a kan ƙarfen da 'yan gwangwan ma sai sun yi tunani kafin su ɗora shi a sikeli. Akwai wani da ke tallar birkin salansa a Facebook, wai sabo fil a kwali daga waje, na Hilux da Land Cruiser masu shan gas. Ɓarawo ne. Kuma ya san aikin, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Kada wani ya zo yana ce min ai da an bincika. An bincika. Motar da aka kawo garejina, wadda na nema wa birkin, Hilux ce mai injin 2KD, giyar hannu, tana sauka Hawan Kibo da kaya. Duk direba ya san injin gas ba ya riƙe mota a gangara kamar na fetur, domin ba a shaƙe masa iska idan ka ɗaga ƙafa daga totur, sai birki ya yi ta shan wahala har ya ɗau zafi ya daina kamawa. Birkin salansa faifan ƙarfe ne a cikin bututun hayaƙi, bayan turbo. Ka saki totur ya rufe, hayaƙi ya rasa hanya, fistin ya riƙa turawa da ƙyar, mota ta rage gudu da kanta.

Mai tallar ne ya fara tambayata. "Oga, giyar hannu ce ko otomatik?" Tambayar mai sani ce, domin a otomatik idan kwambata, wanda ke haɗa inji da giya, bai kulle ba riƙon ba ya kaiwa ga taya, zafi kawai yake tarawa a man giya. Ya ce in auna faɗin bututu. Ya kawo zancen injin Cummins 5.9 mai bawul 12 na Dodge Ram, ya ce sai an canza masa sifirin ɗin bawul kafin ya ɗauki matsin hayaƙi na psi 60. Gaskiya ne kuwa! To ku gaya min, wanda ya faɗi wannan ta ina za ka ce bai taɓa riƙe sifana ba? "Giyar hannu ce ko otomatik." Har yanzu muryar tana kunnena.

Aka tura 300,000. Daga baya 180,000, wai kuɗin kwastan. A'a, kafin na biyun ma sai da ya turo bidiyon kwali da takardar bayani, ana danna maɓalli faifan yana rufewa ƙas, ƙas. Ko bayan nan ne ya turo, zan duba wayar. Abin da na sani dai 300,000 da 180,000 sun kama 480,000, kuma kuɗin mai mota ne, ba nawa ba.

Abin da aka sauke a tasha, cikin buhu: tsohon birkin salansa na Canter, an yanko shi da garanda an fesa masa fenti ruwan azurfa, har kan tsatsar. Solanoyid ɗinsa, wato makunnin lantarkin da ke sa faifan ya rufe, na bolt 24 ne, Hilux kuwa 12 take, ka ba shi wuta ko motsi ba ya yi. Sandar da faifan ke juyawa a kai ta cinye, tana wasa a hannu, ga baƙin hayaƙi ya yi mata zobe inda take yoyo. Bakin bai yi daidai da bututun da shi da kansa ya sa aka auna ba.

Mafi muni shi ne ramin. A jikin faifan akwai ɗan rami da ake hudawa don hayaƙi ya riƙa wucewa kaɗan, shi ke hana matsi wuce kima. An toshe shi da walda. Da na kira shi, wai "don ya ƙara kamawa ne, Oga." Idan matsi ya fi ƙarfin sifirin, bawul ɗin hayaƙi zai buɗe a lokacin da ya kamata ya zauna, fistin ya same shi a hanya. Daga nan sai bawul ya lanƙwashe, sai sauke kan inji. A gangara kuma, inji yana kan juyi sama da 2,000 a minti, da kaya a baya.

A buhun babu makunnin totur, wanda ke buɗe faifan da zarar ka taka. Babu na kulochi, wanda ke sakin sa lokacin canza giya don kada inji ya mutu. Babu rile, babu fiyus, babu tankin bakum, wato zuƙar iskar da ke jan faifan, babu bawul mai hana iska komawa. Sai saƙon murya, wai a yanka tiyon bustar birki, mai ƙara wa birkin ƙafa ƙarfi, a jona kai tsaye. Tiyon bustar birki! In abin nan ya fara yoyo, sai birkin ƙafa ya yi tauri, direba ya taka ya ji dutse. Wannan ya wuce satar 480,000, neman ran mutane ne.

Na ce ya dawo da kuɗi, ya ce a mayar da kaya tukuna, a ƙara 25,000 na mota. Da yamma ya toshe ni a WhatsApp. Shafin yana nan, ya canza suna kawai, hotunan su ne dai. Kuma sunan asusun da aka tura 180,000 daban yake da na 300,000, wai na ƙaninsa ne.

Hotunan hirarmu, rasit biyu na banki, da bidiyon ramin da aka toshe duk suna nan, zan ɗora su da daddare in na rufe gareji.

Kada ku biya sai kaya na hannunku. Ku karanta bolt a jikin solanoyid, ku girgiza sandar, ku haska faifan ku ga ramin. In an ɗaura, a sa geji a auna matsi kafin mota ta ga gangara. Wanda ya tura wa wannan mutumin kuɗi ya yi min magana, ina haɗa takardar kai ƙara.