EDA na NC3Rs: yana tsara gwaji da kyau, amma dalilin binciken kai za ka kawo

Masu aiki da ɓeraye a lab, musamman 'yan masters da PhD, ga ra'ayina kan Experimental Design Assistant, wanda aka fi sani da EDA, manhajar intanet ta tsara gwajin dabbobi. Cibiyar NC3Rs ta Birtaniya, mai aikin rage amfani da dabbobi a bincike, ita ce ta yi shi, su ɗin dai da suka fitar da ƙa'idojin ARRIVE, na yadda ake rubuta rahoton binciken dabbobi, a 2010 suka sabunta su a 2020. Kyauta ne, rajista kawai za ka yi a intanet, sai dai ka hau da kwamfuta don aikin zane ne.

Za ka zana gwajinka tun daga rukunin dabbobi har abin da za ka auna, shi kuma ya bi ya nuna maka inda akwai gyara, ya taya ka lissafin dabba nawa kake buƙata, ya raba su rukuni rukuni ta hanyar ƙuri'a ba wai ka zura hannu a keji ka kamo wanda ya fi sanyi ba. A nan kam na ba shi maki sosai, wallahi yana rage asarar dabbobi da ta kuɗi.

Amma fa kar wani ya ɗauka ya gama. A cikin abubuwa 21 na ARRIVE akwai wanda ke cewa ka bayyana dalilin binciken, me ya sa wannan dabbar, me ya sa wannan hanyar, kuma ina alaƙarta da jikin mutum in akwai. Wannan EDA ba zai rubuta maka ba, kuma nan ne da yawanmu ke zamewa. Misali yaro ya ce zai gwada ganyen zogale kan ciwon suga, ya sayo ɓerayen Wistar ya ɗirka musu alloxan, to alloxan lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin yake yi, wato ya fi kama da nau'i na 1, alhali yawancin masu suga da ke layi a asibiti nau'i na 2 gare su, sannan a ƙarshen takarda ka ga an rubuta wai ganyen zai taimaki masu ciwon suga gaba ɗaya. Haba! Ka tambaye shi me ya sa alloxan sai ya ce ai haka na gaba da shi suka yi, ko kuma ya fi streptozotocin, wani sinadarin mai irin aikinsa, araha. Arahar gaskiya ce, aljihu ba wasa ba, amma editan mujallar kimiyya ba zai karɓe ta a matsayin hujjar kimiyya ba. Haka maganar amfani da ɓeraye maza zalla, in ka bar matan ka faɗi dalili.

Don haka ni dai kafin ka buɗe EDA, zauna ka rubuta sakin layi ɗaya kan me aka riga aka sani, me ya rage, kuma don me sai an taɓa dabba mai rai. Kai wa malamin da ke duba aikinka ya gani, in ya wuce sai ka fara zane.