Haddar jerin kalmomi ko karanta takardun haraji: wanne zai fi miki?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, aiki ne ya hana ni zama. Kin ce bana kika fara kwas ɗin harkokin haraji, kalmomin Turanci na kuɗi suna shige miki duhu, kuma kina tsakanin shawara biyu. Ƙawarki ta ba ki doguwar takardar kalmomi da fassararsu ta Hausa ki haddace, yayanki kuma ya ce ki ajiye ta ki riƙa karanta ainihin takardun haraji da dokar kanta. Duka hanyoyin biyu na bi lokacin da nake karatu a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kowace kuma na ga ranarta, na ga inda ta tsaya.

Hadda dai ba abin rainawa ba ce, mu da muka taso da allo mun san amfaninta. Tana da sauri, ba ta cin kuɗi, za ki iya yin ta a cikin bas daga Samaru zuwa Kongo. Akwai kalmomin da Hausa ke da takwararsu daidai wa daida, domin mun daɗe da sanin kasuwa: debt bashi ne, loan rance, profit riba, loss asara, budget kasafi, collateral jingina, salary albashi. Irin waɗannan ki haddace su kawai. Ribar da za ki fara gani a aji take: malami na magana, kunnenki ba ya tuntuɓe a kowace jimla.

Inda hadda ke gazawa shi ne inda haraji ya fara. Duba takardar ƙawar taki, na tabbata a gaban revenue an rubuta kuɗin shiga, a gaban income ma kuɗin shiga. Sai ki ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Haka tax da levy da duty, duk haraji aka sa musu. Ga kuma avoidance da evasion, waɗanda ake fassarawa da kauce wa biyan haraji, alhali na farko tsara harkokinka ne cikin abin da doka ta yarda don ka biya kaɗan, na biyu kuwa ɓoye gaskiya ne, laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali. Ɗalibar da ta haɗe su a jarrabawa ta rasa maki, ma'aikaciyar da ta haɗe su a ofis ta jefa wani cikin masifa.

Waɗanda suka fi haɗari ma su ne kalmomin da kike ganin kin sani tun sakandare. Return ba dawowa ba ce a nan, takardar da mutum ke bayyana abin da ya samu a shekara ce. Interest kuɗin ruwa ne. Capital jari ne. Relief rangwamen da doka ta yarda a cire kafin a lissafa haraji ne. A kan irin wannan na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin nauyinsa.

Ina aji biyu a lokacin. Wani dattijo maƙwabcinmu a Tudun Wada, mai sayar da taki da iri, ya same ni a ƙofar gida bayan La'asar da takarda a ninke cikin aljihun rigarsa. Ya ce, “Ɗana, ku ne 'yan boko, duba mini abin da mutanen nan ke so.” A saman takardar an rubuta Notice of Assessment. Ni kuwa assessment ɗin da na sani shi ne gwajin da ake mana a aji, a takardar haddata ma “dubawa, gwaji” na rubuta. Na ce, “Baba, sanarwa ce za su zo su duba shagonka, ka dai gyara littattafanka.” Ya yi godiya ya tafi yana jiran baƙi. Ashe adadin harajin da aka yanka masa ne, kuma doka ta ba shi kwana 30 ya rubuta ƙorafi in bai yarda ba, in suka wuce adadin ya zauna. Allah ya taimaka wani akanta da suke sallah tare ya ga takardar saura 'yan kwanaki. Baba bai taɓa yi mini gori ba. Washegari na shiga ɗakin karatu na President Kennedy da ke Kongo na nemi dokar harajin ɗaiɗaikun mutane, na fara karanta ta daga shafin farko.

To ga hanyar yayanki. Ba zan ɓoye miki ba, makon farko akwai wuya. Turancin doka jimla ɗaya sai ta ci rabin shafi, ga notwithstanding, ga provided that, mutum ya karanta sau uku bai kama bakin zaren ba. Wanda bai da tushe ko kaɗan zai iya karaya ya rufe littafin. Amma kalmar da kika tsinta a takarda ba ta zuwa ita kaɗai, da lambarta take zuwa, da kuma mazauninta.

Ki roƙi wani ma'aikaci a gidanku ya ba ki takardar albashinsa ta wata guda, ya rufe sunansa da lambar asusunsa. A sama za ki ga gross, wato albashin gaba ɗaya kafin a taɓa shi. A ƙasa akwai abin da aka cire: fansho, wanda dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya ɗora kashi 10, sai PAYE, harajin da ake cirewa daga albashi tun kafin ya iso hannu. A can ƙarshe net, abin da ya shiga asusu. Ki ɗauki biro ki yi ragin da kanki. Daga ranar ba wanda zai sake koya miki gross da net da deduction. Sannan dole tambaya ta zo miki: ina wannan PAYE ke tafiya? Ga ma'aikacin farar hula mazaunin Zariya, hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kaduna, KADIRS, ake miƙa wa, ko da aikin tarayya yake yi, domin inda mutum ke zaune ake dubawa. Kin ga kalma ta jawo miki darasi guda, abin da jerin hadda ba zai yi ba.

Rasit ɗin babban kanti ma malami ne. Kaya na Naira 10,000, VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, kashi 7.5 cikin ɗari Naira 750, jimla 10,750. In an rubuta inclusive, harajin na cikin farashin da kika gani; in exclusive ne, a kai za a ɗora. A nan ne kuma za ki gane exempt da zero-rated, waɗanda a hadda duk “ba haraji” ne. Mai saye ba ya biyan VAT a duka biyun, amma mai sayar da kayan zero-rated yana iya neman a mayar masa da VAT ɗin da ya biya wajen sayen kayan aikinsa, mai exempt ba ya iya.

Wani bambancin shi ne takardar hadda tana tsufa ba ta sani ba. VAT ɗin nan kashi 5 ne tun farawarsa a 1994 har zuwa Fabrairun 2020. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji guda 4. Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma Nigeria Revenue Service, kuma daga Janairun 2026 Naira 800,000 na farko a abin da mutum ya samu a shekara ba a ɗora musu haraji. In jerin ƙawarki kwafin kwafi ne da aka gada daga 'yan ajin baya, ki tambayi shekarunsa. Ita doka da kanta take fassara kalmominta a sashen da ake kira Interpretation. A can za ki tarar person ya haɗa da kamfani, ba ɗan Adam kaɗai ba. Malaminki da masu jarrabawar CITN, cibiyar ƙwararrun haraji ta Najeriya, wannan ma'anar suke nema, ba ta ƙamus ba.

Kada wannan ya sa ki yar da Hausar. Mutanen da za ki yi wa aiki a kasuwar Sabon Gari da Hausa za su zo miki, kuma a kunnen dattawanmu kalmar haraji tana da tabo. Sun tuna zamanin haraji da jangali, kafin Gwamna Balarabe Musa ya soke su a Jihar Kaduna bayan hawansa a 1979. In kika ce wa irin wannan mutum “haraji ne” kika yi shiru, tsoro kawai kika ba shi. Sai kin iya cewa, “Alhaji, ba a kan cinikinka gaba ɗaya ba ne, a kan ribar da ta rage bayan an cire abin da ka kashe,” sannan za ki san turnover da profit sun zauna miki.

Da ni ne ke, zan ba hadda mako biyu kacal, in tsinci kalmomin da ke da takwara a Hausa in bar sauran. Daga nan in koma takardu, in sayi littafi mai 60 in raba kowane shafi gida uku: kalmar, jimlar da na tsince ta a ciki, sai bayaninta da Hausata kamar ina yi wa Baba. Ki fara da takardar albashin nan a wannan makon. Kalmar da ta ƙi ki, ki turo ta tare da jimlarta, mu warware ta tare.